Ƙananan jiragen topido: shin ƙarami mai gudu ya fi babba a yaƙin teku?

Ɗan Gawon Nama: Salamu alaikum jama'a. Daren jiya zafi ya hana ni barci ga ba wuta, sai na shiga YouTube ina ta yawo har na faɗa kan wani tsohon bidiyo na 1918, wani ƙaton jirgin yaƙi na daular Ostiriya da Hangari yana kifewa a teku sannu a hankali, mutane na ta hawa bayansa kamar tururuwa a kan ƙwarya. Sunan jirgin Szent István, nauyinsa wajen tan 20,000, mutane sama da dubu a ciki. Abin da ya ɗaure min kai wai ɗan ƙaramin jirgin katako mai inji na Italiya ne ya nutsar da shi, tsawonsa bai wuce mita 16 ba. To ni tambayata, in dai haka abin yake, mi ya sa ƙasa irin tamu za ta zuba maƙudan kuɗi ta sayi babban jirgi guda, alhali kuɗin za su sayo irin waɗannan ƙananan da yawa? Malamai a fahimtar da ni don Allah.

Ɗan Mabera: Wa alaikumus salam. Ƙanena mu da muke nan Sakkwato ina ruwanmu da teku, wutsiyar raƙumi ai ta yi nesa da ƙasa. Abin da ke damunmu yana can dajin gabas, Isa da Sabon Birni, can ya kamata a kai hankali.

Malamin Tarihi: Ɗan Mabera da gaskiyarka kan abin da ke damunmu, amma kada ka manta man da ake sayarwa a raba wa jihohi kuɗinsa ta teku yake fita, kuma kayan da ke cika kasuwarmu da yawa ta tashar Apapa suka shigo. Tekun nan yana cikin tukunyar kowa. Ɗan Gawon Nama, abin da ka gani gaskiya ne. Ranar 10 ga Yunin 1918 ne, da asuba, kusa da tsibirin Premuda a tekun Adiriyatik. Hafsan Italiya Luigi Rizzo yana dawowa daga sintirin dare da ƙananan jirage biyu, irin waɗanda suke kira MAS, sai ya hango hayaƙi. Ya kutsa ta tsakanin jiragen da ke rakiya, ya matso har saura 'yan ɗaruruwan mita, ya saki topido biyu, duka suka samu jirgin a ciki. Bai cika awa uku ba ya kife, mutum 89 suka mutu. Har yau 10 ga Yuni ita ce ranar sojan ruwan Italiya. Kuma ba shi ne karon farko na Rizzo ba, a Disambar 1917 ya shiga har cikin tashar Trieste ya nutsar da wani jirgin mai suna Wien.

Uwar Biyu: Malam ku yi haƙuri ku ɗan koma baya, shi topidon mene ne? Ina bin zancen ne don ɗana na fari ya dage sai aikin sojan ruwa, kullum maganarsa ke nan.

Malamin Tarihi: Hajiya, bam ne dogo kamar gungumen giginya, yana da ɗan injinsa da farfela a wutsiya, in an sake shi cikin ruwa da kansa yake tafiya a ƙarƙashi har ya daki jirgi. Wani injiniyan Ingila Robert Whitehead ne ya fito da shi a 1866 a garin Fiume. Sirrinsa shi ne inda yake duka. Harsashin igwa sama yake samun jirgi inda aka lulluɓe da ƙarfe mai kauri, shi kuwa topido ƙasa da bakin ruwa yake fasawa, ruwa ya yi ta ɗura. Daga nan sai aka ga ai ba sai kana da babban jirgi ba kafin ka ɗauki wannan makami, ɗan ƙarami mai gudu ma ya isa. Manyan ƙasashe sun tsorata ƙwarai, har Ingila ta ƙera wani sabon nau'in jirgi a shekarun 1890 musamman don farautar waɗannan ƙananan, shi ne asalin jirgin da ake kira distiroya yau, ma'anar cikakken sunansa na farko mai halaka jiragen topido.

Ɗan Gawon Nama: To kun gani! Ai maganata ke nan Malam, allura ƙarama ce amma ƙarfe ce.

Baba Tsohon Sojan Ruwa: Salamu alaikum. Ɗana tsaya kaɗan, ni na yi aiki ɗakin inji shekaru da dama kahin in aje kaki, bari in hwaɗa maka abin da bidiyo ba ya nuna maka. Wanga ƙaramin jirgi da kaka yabo, rayuwatai duka abu ukku ta: dare, inji, da kwanciyar teku. In guda ta ɓace to ya zama akwatin gawa. Shi Rizzo da anka ambata cikin duhun asuba yaz zo, lokacin da babu na'urar rada, idon mutum kaɗai aka tsaro da shi. Da rana ta da bai kai rabin hanya ba igwa ta watsa shi, don jikinai katako na, ko bindiga mai jigida tana huda shi. Kuma ka sani in igiyar ruwa ta tashi gudun nan da aka hwaɗi kilomita 75 ko 80 a awa sai a takarda, jirgin dukan ruwa shika yi awa ana buga ka da ƙasa, gwiwa da baya su ka biya. Na ga ƙato majiyi ƙarhi ya kwana yana amai bai iya ɗaga kai, balle shi saita makami.

Ɗan Sarkawa: Baba Allah shi ƙara girma, wanga batu naka haka shike ko ga gulbi. Mu nan wajen Wamakko in Rima ta cika iska ta taso, jirgi mai shimhiɗaɗɗen gindi in ka sa mai inji ka ja wuta tsalle shika yi bisa ruwa, amma na gungume mai zagayayyen ciki yanka ruwan shika yi. Ko su ma haka ta?

Baba Tsohon Sojan Ruwa: Ka taɓo wurin ɗana. Nan na Jamusawa sunka hi kowa a yaƙin duniya na biyu. Nasu da suka kira Schnellboot, wato jirgi mai sauri, zagayayyen ciki gare shi, tsawonai wajen mita 35, inji ukku na Daimler-Benz masu shan gas. Na Ingila da na Amurka sun hi ƙanƙanta, gindinsu na zamiya bisa ruwa na, kuma hetur suka sha. Ka san bambancin gas da hetur in harsashi ya huda tanki. Na Amurka da aka cewa PT inji ukku na Packard gare su, kuma man jirgin sama aka zuba musu, tartsatsi guda ya isa. Kamhwanin Lürssen na yaƙ ƙera na Jamus, kuma asalin sihhwar daga wani jirgin shaƙatawa na wani attajiri anka ɗauko ta. Ku riƙe sunan kamhwanin ga zan dawo kanai.

Malamin Tarihi: Bari in ƙara wa Baba hujja da labarin da kowa ya sani rabinsa. John Kennedy kafin ya zama shugaban Amurka shi ne kwamandan PT-109. Daren 1 ga Agustan 1943 wayewar 2, a tsibiran Solomon, jiragen PT 15 aka tura su tare jiragen Japan, suka saki topido wajen 30, ko ɗaya bai samu komai ba. Ko ɗaya. Shi kuma Kennedy yana tafe a hankali da inji guda don kada farin kumfan bayansa ya tona shi ga jiragen sama, sai distiroyar Japan mai suna Amagiri ta fito daga duhu ta bi ta kansu ta raba jirgin biyu. Su 13 ne, biyu suka mutu nan take. Sauran suka yi iyo wajen kilomita 5 zuwa wani ɗan tsibiri, Kennedy yana jan wani da ya ƙone, igiyar rigar ruwansa a haƙora. To ka ga, Rizzo ɗaya ake ba da labarinsa, dararen da aka fita aka dawo hannu rabbana ba wanda ke yin bidiyonsu. Daga baya ma yawancin aikin PT ya koma harbin ƙananan jiragen dakon kaya na Japan da bindigogi, topidon ya zama na biyu.

Ɗan Sarkawa: Malam to wa yac cece su?

Malamin Tarihi: 'Yan uwanka ne masu jirgin gungume. Wasu samari biyu 'yan tsibirin, Biuku Gasa da Eroni Kumana, su suka same su, Kennedy ya kankare saƙo a jikin kwakwa suka tuƙa da shi ta cikin ruwan da Japan ke sintiri har suka kai. Kwakwar nan tana kan teburinsa lokacin da yake fadar shugaban ƙasa.

Ɗan Sarkawa: Allahu akbar. Da ɗan gari akan ci gari. Wanga ya yi min daɗi wallahi, inji ukku sun kasa, matuƙi ya hid da su.

Ɗan Gawon Nama: Na ji, amma Baba da Malam kada ku rage musu daraja gaba ɗaya. Na karanta cewa ana saura makonni kaɗan sojojin Amurka da Ingila da ƙawayensu su sauka gaɓar Nomandi ta Faransa don korar Jamusawa, jiragen Jamus tara suka faɗa wa ayarin Amurka da ke atisaye a gaɓar Ingila suka kashe ɗaruruwa. Jirage tara kacal fa. Wane babban jirgin Jamus ne ya isa ya matso wurin a 1944?

Malamin Tarihi: Wannan gaskiya ne, 28 ga Afrilun 1944, atisayen da aka sa wa suna Tiger, a Lyme Bay. Sun nutsar da manyan jiragen sauke sojoji biyu, suka lalata wasu, Amurkawa 749 suka mutu, kuma aka rufe labarin a lokacin don kada shirin mamayar ya tonu. Amma duba dalilan: jirgin rakiya guda ne kawai ke tare da ayarin, kuma an samu kuskure a zangon rediyo har gargaɗin bai isa ga jiragen ba. Sai ka dubi abin da ya biyo baya, a tsakiyar Yunin shekarar jiragen saman Ingila suka sami irin waɗannan ƙananan jiragen na Jamus a ɗaure a tashar Le Havre ta Faransa suka ragargaza fiye da goma a dare ɗaya. Ƙaramin jirgi dole ya koma gida kullum ya sha mai ya ɗauki makami, kuma gidan nan ba ya gudu.

Uwar Biyu: Innalillahi. 749, kowane da uwarsa. Ku kuna lissafin jirage ni ina lissafin 'ya'yan mutane. Malam duka wuta ce ta cinye su?

Malamin Tarihi: A'a Hajiya, kuma nan ne abin ya fi ciwo. Da yawansu ruwa ne da sanyi. An ba su bel ɗin iska na ceto amma ba a koya musu ɗaurawa ba, maimakon su ɗaura a ƙarƙashin hammata sai suka ɗaura a ƙugu, ga kaya masu nauyi a baya, da suka faɗa ruwa sai ya juya su kai ƙasa.

Ɗan Sarkawa: Hajiya wanga shi na abin da ka ci min rai, ku gahwarce ni in kauce kaɗan. Shekara nawa muna jin kihewar jirgi nan jiharmu, Goronyo, Shagari, Wamakko, yawanci ranar kasuwa ko zuwa gona, mata da yara, a loda mutane a loda buhunna har da babur, bakin jirgi saura ɗan yatsa shi sha ruwa. Ko inda anka raba rigar ruwa za ka ga mutum ya rataya ta awa gyale bai ja igiyar ba, in ya hwaɗa ruwa rigar ta zame ta kai ta bar shi. Ni da idona na ga haka shekarun baya, yaro na ɗan shekara goma sha, rigar na yawo bisa ruwa shi yana ƙasa, Allah ya sa muna kusa munka jawo shi da rai. Ashe abin da yak kashe sojan Amurka shi na ka kashe mutanenmu.

Ɗan Mabera: To yanzu kam zancen ya iso gida, na janye rabin maganata. Amma har yanzu ban ji inda Najeriya ta shigo cikin batun topido ba.

Baba Tsohon Sojan Ruwa: Ta shigo Alhaji. Lokacin yaƙin basasa Tarayyar Sobiyet ta ba mu ƙananan jirage ukku irin P-6, su ma na katako, asalinsu na topido na, da su anka taimaka wajen sintirin gaɓa. Irin P-6 ɗin nan an ƙera su ɗaruruwa an rarraba ma ƙasashe da yawa, Masar, Sin, Kuba da sauransu. Kuma bisa gangar jikin P-6 ɗin nan na Rasha ta cire bututun topido ta aza makami mai linzami guda biyu, anka kira shi Komar. Ran 21 ga Oktoban 1967 Masar ta yi amhwani da su daga bakin Port Said ta nutsar da distiroyar Isra'ila Eilat, mutum 47 sunka mutu. Tun daga ran nan kasuwar jirgin topido ta hwaɗi, don mi za ka kai kanka bakin igwa alhali kana iya jihwa daga nesa inda ba a ko ganinka. To da munka zo sayen namu wajen 1981, masu makami mai linzami munka saya guda shida. Ukku daga Faransa, Siri da Ayam da Ekun, masu ɗauke da makami mai linzami mai suna Exocet. Ukku daga Jamus, Ekpe da Agu da Damisa, nasu makamin sunanai Otomat, tsawonsu wajen mita 58, inji huɗu. Kuma wa yaƙ ƙera na Jamus ɗin? Lürssen ɗin nan da nic ce ku riƙe.

Ɗan Gawon Nama: Baba tsaya, Damisa dai tamu ta Hausa?

Baba Tsohon Sojan Ruwa: Ita hwa. Ekpe da Agu ma duk damisa ta da harsunan kudu. Ranar da nif fara ganin sunan ga rubuce jikin jirgi a Legas, ni ɗan Sakkwato da ban taɓa ganin ruwan da yaw wuce Kwalkwalawa ba sai da nib bar gida, sai da tsikar jikina ta tashi.

Ɗan Gawon Nama: To ai Eilat ma hujjata ce Baba, ƙarami ya sake kayar da babba, makamin kawai ya canza.

Malamin Tarihi: Na ɗan lokaci. A yaƙin Oktoban 1973 Isra'ila ta riga ta koyi rikita idon makamin da na'urori, a gaɓar Latakiya ta nutsar da jiragen Siriya ba ta rasa ko ɗaya ba. A 1991 kuma ƙananan jiragen Iraƙi helikwaftocin Ingila ne suka yi ta tsintar su ɗaya bayan ɗaya kusa da tsibirin Bubiyan, domin ƙaramin jirgi ba shi da wurin ɗora makaman kare kai daga sama. Ni ra'ayina, kuma ina nan a kansa, jirgin nan makamin mai tsaron ƙofar gida ne, ba na mai tafiya ba. Ya dace da wurin da ke da tsibirai da lunguna inda zai laɓe. Ba zai iya kwana ashirin a tsakiyar teku yana rakiyar tankar mai ba, ba zai ɗauki helikwafta ba. Kuma yana da wani haɗari na daban: ranar 2 ga Agustan 1964 ƙananan jiragen topido uku na Biyetnam ta Arewa suka kai wa distiroyar Amurka Maddox hari a tekun Tonkin, topidonsu bai same ta ba, aka kuma ce an sake kai hari ranar 4 wanda daga baya ya tabbata bai faru ba, amma ranar 7 majalisar Amurka ta ba shugaba Johnson damar faɗaɗa yaƙi. Allura ta tono garma, aka shekara kusan goma ana zubar da jini.

Baba Tsohon Sojan Ruwa: Malam ka bar guda wadda ita ta hi damuna, kulawa. Mutane suna ganin ƙaramin jirgi arha na. Sayenai arha na, riƙonai ba arha ba. Injin da ka ba ka irin gudun ga awa dokin sukuwa shike, awannin aikinai ƙidayayyi na, in sun cika dole a sauke shi a kwance shi gaba ɗaya, ba injin ban ruwa na ba da za ka yi ta lallaɓawa da waya da roba. Ruwan gishiri yana cin komi, ɗan ruwa kaɗan cikin gas ya isa shi toshe matata inji shi mutu. Ya taɓa hwaruwa da mu cikin dare, inji biyu sunka ɗauke lokaci guda, jirgi na juyi da mu, muna kwance ƙasa da tocila a baki muna wanke matata, zahin ɗakin ya hi na watan Afrilu a Sakkwato. Ba abokin gaba ko guda wurin amma kowa ya yi kalmar shahada. Shi yas sa ban yi mamaki ba da nij ji Amurka da anka gama yaƙi a 1945 ta tara jiragen PT sama da ɗari a Filifin ta cire abin cirewa ta banka musu wuta, don dawo da su gida da riƙonsu ya hi ƙimarsu.

Ɗan Mabera: To Baba a taƙaice mi kake ganin ya dace da mu?

Baba Tsohon Sojan Ruwa: Abokin gabanmu ba shi da ƙaton jirgin da za a jehi da topido. Ɓarayin ɗanyen mai na cikin lungunan Neja Dalta, 'yan hwashin teku, da masu tada ƙayar baya a tabkin Chadi inda sojan ruwa ke da sansani a Baga. Waɗanga ƙananan jirage masu bindiga da ba su bukatar ruwa mai zurhi su ka maganinsu, sai 'yan manya kaɗan masu iya daɗewa a teku. Nan kam ina tare da kai ɗana kan yawa da ƙanƙanta, amma ba don nutsar da manya ba.

Ɗan Gawon Nama: Na karɓi wannan Baba, amma ban sauka gaba ɗaya ba. Ku dubi abin da Yukiren ke yi wa jiragen Rasha a Baƙin Teku da ƙananan jirage marasa matuƙi cike da bam, cikin dare suke zuwa da yawa kamar dai na Rizzo, sai dai yanzu ba mutum a ciki da zai yi amai ko ya ƙone. A ganina jirgin da topidon ne suka haɗe suka zama abu ɗaya. Malam ina son mu buɗe wannan daban gobe in Allah ya kai mu.

Malamin Tarihi: Allah ya kai mu, ka zo da shirinka don ina da ja a kan wannan ma.

Uwar Biyu: Baba ni tambayata ta ƙarshe, yaron nan bai iya iyo ba ko kaɗan, kuma bayan abin da na karanta yau gabana faɗuwa yake. In hana shi?

Baba Tsohon Sojan Ruwa: Kada ki hana shi ɗiyata, ki yi mai addu'a. Ni ma ban iya ba sanda nit tahi, can anka koya min. Amma in da hali shi hwara tun yanzu ya hi, kuma shi dage da lissahi da kimiyya, don jirgin yau mai ilimin inji da na'ura shika nema.

Ɗan Sarkawa: Hajiya ki turo shi wajena in ruwa ya janye bayan kaka, akwai wuri mai yashi marar zurhi inda muka koya ma yaranmu. Rigar ruwa biyu gare ni, da ɗaurinta za mu hwara kahin shi taka ruwa. Zan aje miki lamba ta akwatin sirri.